Maki 218 da maki 204: yadda kofin Wimbledon na 2019 ya kuɓuce wa Federer

Ranar Lahadi 14 ga Yuli, 2019, a wasan ƙarshe na maza na gasar tanis ta Wimbledon da ke Landan, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204. Federer ya ci gem 36, Djokovic 32. Federer ya ƙwace sabis, wato ya ci gem ɗin da abokin karawarsa ke buga ƙwallon farawa, sau 7, Djokovic sau 3. Sabis ɗin da ya wuce ba a ko taɓa shi ba, Federer na da 25, Djokovic 10. Bugun kisa kuwa, wanda abokin karawa bai ko taɓa ba, 94 ne da 54. Duk wanda aka miƙa wa wannan takarda ba tare da sakamako ba, zai rantse ɗan Suwizalan ne ya ɗaga kofi. Amma sakamakon shi ne 7-6, 1-6, 7-6, 4-6, 13-12, kuma ɗan Sabiya ne ya tafi da shi bayan awa 4 da minti 57, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar.

Mutane kan ce sa'a ce, wasu su ce ƙarfin zuciya. Da kamshin gaskiya a duka biyun, sai dai ba su bayyana komai ba. Abin da ya faru ana iya bin sa ƙwallo bayan ƙwallo.

Kafin a shiga, a daidaita harshe. Maki ke tara gem (ana ƙirga su 15, 30, 40, a fara da na mai sabis), gem shida ke tara turmi, kamar dai yadda 'yan dambe ke ƙirga nasu turmin, kuma a manyan gasanni huɗu na maza wanda ya fara cin turmi uku shi ya yi nasara. In turmi ya kai 6-6 sai a yi raba-gardama: wanda ya riga kai maki 7 da ratar biyu ya ci. Bugun tafi shi ne wanda tafin hannu ke fuskantar ƙwallo, bugun bayan hannu kuma kishiyarsa. Dukansu biyu na-dama ne, sai dai Federer da hannu ɗaya yake bugun bayan hannu, Djokovic da hannu biyu. Wannan bambancin kaɗai ya ɗauki rabin labarin wasan.

Filin kansa yana da tasa rawar. Ciyawar Wimbledon milimita 8 ake aske ta, kuma tun 2001 aka koma shuka iri ɗaya mai jure tattaki, ƙasan ma ta ƙara tauri. Sakamakon haka ƙwallo ta fi tashi fiye da zamanin da, ta yadda mai tsayawa a layin baya ke iya rayuwa. Ranar ƙarshe, bayan mako biyu ana tattaka wurin, bayan layin baya ya zama ƙasa tsura, yayin da gaban raga ke nan kore shar. Ƙwallon da aka yanka ta faɗi a koren wurin sai ta zame ta kwanta, wadda kuma ta faɗi can kusa da layin baya sai ta ɗago daidai ƙugu. Kowannensu ya san yankin da yake so a yi cinikin.

Tsarin Federer a fili yake, kuma ya yi aiki. Yana da shekara 37, saura makonni ya cika 38, ga shi kwana biyu da suka wuce ya sha turmi huɗu da Rafael Nadal. Ba shi da dalilin tsayawa musayar ƙwallo goma sha biyar da mutumin da ya fi kowa iya wannan sana'a. Don haka ya gina wasansa a kan ƙafa uku.

Ta farko sabis. Sabis ɗin Federer ba gudu ne ya sa ya gagara ba, wuri ne. Yadda yake jefa ƙwallo sama kusan iri ɗaya ne ko zai kai ta gefe ko zai bi layin tsakiya, saboda haka mai karɓa ba ya samun alamar da zai karanta. Djokovic, wanda a zamaninsa babu kamarsa wajen mayar da sabis, sai da aka shiga turmi na huɗu kafin ya samu damar ƙwace sabis ko da guda ɗaya. A sake karanta wannan. Turmi uku cur, bai ga ƙofa ba.

Ta biyu bugun yanka da bayan hannu. Ana sauko da raket daga sama zuwa ƙasa, fuskarsa a ɗan buɗe, sai ƙwallo ta tafi tana juyi da baya, ta faɗi ta ƙi tashi. Amfaninsa a kan mai hannu biyu shi ne ya tilasta masa durƙusawa ya ɗauko ƙwallo daga ƙasan gwiwa, ga shi babu gudun da zai ara daga gare ta. Djokovic ya fi jin daɗi idan an ba shi ƙwallo mai ƙarfi daidai ƙugu, ya juya ƙarfin ya mayar wa mai shi. Idan aka ba shi mai sanyi, gajera, a kwance, dole ya ƙirƙiri ƙarfin da kansa, kuma dole ya ɗaga ta sama don ta tsallake raga. Wannan ɗagawar ita Federer ke jira, ya zagayo ya sa mata bugun tafi.

Ta uku zuwa gaban raga. Sau 65 ya je, ya ci 51. Kusan huɗu cikin kowane biyar ke nan, a kan mutumin da ya ƙware wajen ratsa wanda ya matso. Wannan adadi a riƙe shi, za a dawo kansa.

Turmi na biyu ya nuna abin da ke faruwa idan tsarin ya zauna daram kuma Djokovic ya ɗan saki jiki: 6-1 cikin ƙasa da rabin awa. Na huɗu ma Federer ya kai 5-2 kafin Djokovic ya rage ratar, aka tashi 6-4. A wannan turmin ne aka yi musayar bugu 35 wadda Federer ya ƙare da bayan hannu a miƙe ta gefen layi. Ba abin da za a daɗe a kai a waɗannan turame biyu, wanda ya fi wasa shi ya ci.

Inda maganar take shi ne raba-gardama guda uku. Maki 33 aka buga a cikinsu: 12 a na farko, 11 a na biyu, 10 a na ƙarshe. Djokovic ya ci 21, Federer 12. A cire waɗannan daga jimla, sai a ga a sauran wasan Federer na da 206, Djokovic 183. Wato a maki 389 Federer ne a gaba da ratar 23, a maki 33 kuma Djokovic ne a gaba da ratar 9, kuma waɗannan 33 su ne suka yanke turmi uku. Lissafin tanis haka yake, bai damu da yawan abin da ka tara ba, ya damu da lokacin da ka tara shi.

Me ya canza a cikin maki 33 ɗin? Kuskuren da ba wanda ya tilasta: Federer 11, Djokovic babu ko ɗaya. Sai dai a nan ne masu sharhi da yawa ke tsayawa, alhali tambayar ita ce ta yaya mutum ke shirya wa abokin karawarsa irin wannan kuskure.

Da an shiga raba-gardama sai Djokovic ya rage buri. Ya daina neman layi. Ƙwallonsa takan tsallake raga da rata mai kyau, ta faɗi da zurfi, ko dai a tsakiyar fili ko a kusurwar bayan hannun Federer. Dalilin yana cikin awon filin. Tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya mita 8.23. In ka buga daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ƙetare, kana da kusan mita 25.15, ƙarin kusan mita ɗaya da rabi ke nan a kan wanda ya buga a miƙe. Ragar kuma santimita 91.4 ce a tsakiya, ta kai 107 a wajen turaku. Mai bugun ƙetare yana bi ta inda raga ta fi ƙasa zuwa inda fili ya fi tsawo. Mai son canza hanya ya miƙe ta gefen layi yana bi ta inda raga ta fi tudu zuwa inda fili ya fi gajarta, kuma yana juya ƙwallon da ta zo masa a karkace. Djokovic ya zaɓi hanya mai arha ya zauna a kanta, ya bar wa Federer mai tsada.

Ƙwallo mai zurfi a tsakiya tana da wani sharrin na daban. Ba ta ba ka kusurwa. Wanda ke tsaye a tsakiyar layin baya, in yana son ya fitar da abokin karawarsa daga fili, dole ya matse bugunsa kusa da layi fiye da wanda aka ja gefe. Kuma ba ta ba ka damar matsowa raga, domin daga bayan layin baya tafiyar ta yi nisa. Ƙafafu biyu cikin ukun da Federer ya tsaya a kansu, yanka da raga, sun dogara ne da samun gajeriyar ƙwallo. Da aka hana shi ita sai ya rage masa zaɓi biyu, gaba kura baya sayaki: ko ya zauna musayar da ya san ba tasa ba ce, ko ya nemi kisa daga wurin da bai dace ba. Sau da yawa ya zaɓi na biyu, kuma daga nan ne goma sha ɗayan nan suka fito.

Raba-gardamar farko ta fi ciwo. Federer na gaba 5-3, maki biyu suka rage masa ya ɗauki turmin, sai ya zubar da huɗu a jere. A turmi na uku ya samu makin cin turmi yana gaba 5-4 a sabis ɗin Djokovic, shi kuwa ya kashe shi da sabis mai kyau, sannan a raba-gardama ya tsere 5-1 kafin ya rufe 7-4. A ganina wasan ya fara zamewa tun daga 5-3 ɗin can, ba a turmi na biyar ba. Da Federer ya riƙe wannan, to da ya shiga turmi na uku yana gaba da biyu babu ko ɗaya.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci. Salon kai hari dole ya zo da kuskure, kuma a gem na yau da kullum ana iya biyan kuɗinsa. Ka zubar da maki ɗaya a 30-0, sabis biyu masu kyau sun goge shi. A raba-gardama kuwa sabis bibbiyu ake karɓa-karɓa, kuma maki ɗaya da ka rasa a naka sabis ya isa ya kai ka ƙasa. Salon da ke cin riba a dogon zango shi ne ke da haɗari a gajere.

Turmi na biyar ya ɗauki kimanin awa biyu shi kaɗai. Djokovic ya ƙwace sabis ya kai 4-2, Federer ya rama nan take. A 5-5, Djokovic na baya 15-30 a nasa sabis, ya yi tsalle ya miƙe a ƙasa ya taɓo wata ƙwallo a gaban raga wadda da ta wuce shi da ya fuskanci makin ƙwace biyu. A 7-7 Federer ya ratsa shi da bugun tafi na ƙetare ya ƙwace sabis. 8-7, sabis a hannunsa. Daga 15-15 ya saki sabis biyu a jere waɗanda Djokovic bai taɓa ba. 40-15. Makin kofi biyu.

Na farko. Sabis daga ɓangaren dama, ya nemi layin tsakiya, ƙwallo ta daki saman raga. Zaɓin bai da laifi, santimita kaɗan ne tsakaninsa da kofi. Sabis na biyu ya shiga, Djokovic ya mayar da shi da zurfi, kusa da ƙafafun Federer. Nan ne kuskuren yake. Federer ya nemi ya zagaye ƙwallon ya buga ta da tafi zuwa kusurwar bayan hannun Djokovic, bugun da ya ci abinci da shi shekara ashirin. Amma zagaye yana buƙatar taku uku ko huɗu ƙanana masu sauri don jiki ya ba ƙwallo wuri, kuma wanda ya sauko daga sabis yana cikin fili da taku ɗaya, nauyinsa na gaba. Ƙwallo mai zurfi ba ta ba shi lokacin waɗannan takun ba. Ya buga ta a matse, jiki bai gama juyawa ba, fuskar raket ta makara, ƙwallo ta fita gefe. Abin da ya fi dacewa shi ne ya karɓe ta yadda ta zo, ya mayar da ita tsakiya da zurfi, ya jira ta gaba. Yana da maki biyu a hannu, ba shi ne ke cikin matsi ba.

Na biyu, 40-30, daga ɓangaren hagu. Sabis na farko ya shiga, Djokovic ya tare shi kawai, ƙwallo ta faɗi a tsakiyar fili. Irin ƙwallon da Federer ya yini yana nema ke nan. Ya buga ta da tafi zuwa ɓangaren tafin Djokovic ya bi ta zuwa raga. Djokovic ya taka, ya tsaya da ƙafafunsa, ya ratsa shi da bugun ƙetare.

Zuwa ragar ba kuskure ba ne. Mutumin da ke cin huɗu cikin biyar a wurin ba za a ce masa ya zauna baya ba. Matsalar ingancin bugun da ya raka shi ce. Bugun da za ka bi zuwa raga dole ya cika aƙalla ɗaya cikin sharuɗɗa uku: ya yi zurfi har abokin karawa ya buga yana ja da baya, ko ya yi nisa da shi har ya buga yana miƙa hannu, ko ya kwanta ƙasa har ya zama dole ya ɗaga ƙwallo. Na Federer bai cika ko ɗaya ba. Ya sa mata juyin gaba, wanda ke ɗaga ƙwallo bayan ta faɗi, ta sauka ba da zurfi ba, ba kuma kusa da layin gefe ba, ta tashi daidai inda Djokovic ke so. Hannun da ke tsoron fitar da ƙwallo haka yake yi, sai ya ƙara juyi ya rage tafiya.

Sai kuma tsayuwar. Ƙa'idar gaban raga ita ce ka bi ƙwallonka, ka rufe hanyar miƙe, ka bar wa mai ratsawa ƙetare, domin ƙetaren na buƙatar ya lanƙwasa ƙwallo ta faɗi gajere kafin ta fita. Federer ya bi ƙa'ida. Amma ƙa'idar tana aiki ne idan mai ratsawa yana cikin ƙunci. Wanda aka ba lokaci ya kafa ƙafa, kusurwar nan a buɗe take gare shi. Ga kuma nisa: daga layin sabis zuwa raga mita 6.40 ne, kuma wanda bai samu ya ci rabin wannan tazarar ba kafin a buga, faɗin da zai tsare ya fi ƙarfin hannunsa. Bugu mai rauni yana dawowa da wuri, ya same ka ba ka iso ba.

Da me ya kamata ya yi? Ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ya kai ta bayan hannu, amma bayan hannun Djokovic shi ne bangon da ya fi kauri a jikinsa, kuma masu karawa da shi sun daɗe suna gwada tafin idan an zo wuya. Ni dai ina ganin ɓangaren ba shi ne damuwa ba. Ko ya daki ƙwallon a shimfiɗe da niyyar gamawa, ya karɓi haɗarin fita, ko ya ƙi bin ta. Tsaka-tsakin da ya zaɓa, bugun tsoro da tafiyar jarumta, shi ne mafi muni cikin ukun.

Maki biyu bayan haka sabis ɗin ya tafi, 8-8. Masu dogon tunani sun tuna gasar US Open ta New York a 2011, wasan kusa da na ƙarshe, inda Federer ke sabis a turmi na biyar yana 40-15, Djokovic ya rufe ido ya maka sabis ɗin da tafi zuwa ƙetare, ya dawo ya ci wasan. Shekara guda kafin nan ma, a US Open ɗin kuma a wannan matakin, ya tsallake makin wasa biyu a hannun Federer. Bambancin shi ne a 2011 caca ya yi, a 2019 kuwa bai yi caca ba ko kaɗan. Mayarwa mai zurfi, tarewa mai sauƙi, ratsawa ta hanyar da aka buɗe masa. Ya sa Federer ya ƙara buga ƙwallo ɗaya, sau biyu.

Kada a manta da 'yan kallo. Kusan duk filin na bayan Federer, kuma Djokovic ya faɗa daga baya cewa idan suna kiran sunan Roger, shi a kansa sunansa yake ji. Wannan ba wasa ba ne a wurin mai sabis na biyu a 30-30, musamman wanda ya yi kuskuren sabis biyu a jere har sau 9 a ranar.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Federer bai karye ba bayan 8-8. Ya riƙe sabis ɗinsa sau huɗu a jere, kowanne yana sane cewa in ya saki wasa ya ƙare, har ma ya samu damar ƙwacewa biyu a 11-11. Djokovic ya tsallake su.

A shekarar ce Wimbledon ta fara dokar raba-gardama idan turmin ƙarshe ya kai 12-12, bayan wasan Kevin Anderson da John Isner na 2018 da ya kai 26-24 a turmi na biyar. Wannan wasan ne na farko na mutum ɗaya da dokar ta yi aiki a kansa. Dokar ba ta daɗe ba, daga 2022 manyan gasannin huɗu suka koma raba-gardamar maki 10 a 6-6. Amma a ranar, ta mayar da wasan cikin ɗakin da Djokovic ya riga ya ci sau biyu. A tsohuwar doka da sai an ci gaba har wani ya ƙwace sabis, kuma a wannan fannin Federer ne ke gaba 7 da 3.

Ba sabon abu a raba-gardama ta uku. Zurfi, tsakiya, bayan hannu. Djokovic ya kai 4-1, Federer ya matso 4-3, daga nan bai ƙara cin maki ba. Kofin Wimbledon na biyar ga Djokovic, babban kofi na 16, kuma shi ne na farko tun Bob Falkenburg a 1948 da ya ci wasan ƙarshe na maza a nan bayan ya tsallake makin kofi. Bugun ƙarshe na wasan tafi ne daga Federer, ƙwallo ta daki gefen raket maimakon igiya, ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo.